Kai Biyu a Wuya Ɗaya

Ottavia ta kawo wa yayanta Ermanno wani tsohon zanen hoto, ta ce ya goge masa kai ɗaya.

Shekara hamsin Ermanno ya yi yana sa wa hotuna firam a shagonsa na garin Lucca a Italiya, ba a taɓa kawo masa irin wannan aikin ba. Ya share tebur, ya wanke hannu, sannan ya buɗe takardar. A akwatin marigayi mijinta Ottavia ta same ta. Zanen alƙalami ne. Tawadar ta tsufa ta koma ruwan ƙasa, har ta ci takardar a wuraren da mai zanen ya danna hannu. Da gani ta haura shekara ɗari uku.

Labarin kowa a ƙasarsu ya san shi: makaɗin nan da ya bi matarsa har lahira, aka ba shi ita da sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fito, amma ya waiwaya ya rasa ta. Ga shi yana hawan tudu, molonsa a hammata. Matar na biye, layi biyar kawai aka ja mata, kamar hayaƙi. Sai dai kai biyu ne a wuyansa. Ɗaya na duban gaba, siriri, da ƙyar ake ganinsa. Ɗayan ya juya baya, an cika shi da tawada.

Ottavia ta ce ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarta Ginevra, wannan ce kyautarta. Uwar ango kuwa bakinta ba ya shiru, za ta ce an rataya musu dodo a falo. Ɗan farin fenti kawai take so ya ɗiga.

Ermanno ya ja numfashi. Ya ce ba kuskure ba ne. Mai zanen ya fara ja wancan, ya sake shawara ya ja wannan, ya bar su duka. Ya nuna da ɗan yatsa, bai taɓa takardar ba.

"Nan bai waiwaya ba tukuna. Nan ya waiwaya. Duk labarin tsakanin nan da nan yake."

"To wanne ne na gaskiya?"

"Duka."

"Yaya, kai ɗaya mutum ke da shi. Kai ma da kake ji da kanka ɗaya ne, shi ma ba gashi."

Ta dire kofin gahawarta kusa da zanen. Ya ɗauke ya kai kan taga. Ya sake bayani, a hankali, kamar mai magana da kurma. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane sarai. Tunda biki ne, na baya za a goge, don ba wanda zai so hoton mijin da ya yi asarar matarsa.

Ya ce in aka yi haka, me ya rage? Wani ƙato yana hawan tudu da molo.

Ta ce hakan ma ya yi mata. In ya ƙi, tana da abin nan na goge rubutu a gida, minti biyu ta gama.

Ermanno ya dube ta. Tun tana ƙarama ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ya mayar da zanen tsakanin kwali biyu, ya sa a durowa, ya murɗa makulli ya jefa a aljihu.

Ta miƙo hannu. "Ba ni kayana, Yaya."

"Ba zan bayar ba."