Ƙudajen Malam Na'Allah

"Kada ka mare shi!" in ji Malam Na'Allah. "Baban Bukola, aje hannun nan. Bari shi zamna, sannan ka kihe shi da kwalba."

Ademola, wanda ake kira Baban Bukola, ya tsaya da hannu a sama. Ga shi zaune kan dutse a bakin rafin da ke bayan Kurgu, ya naɗe wando har gwiwa, wani ɗan mitsitsin baƙin ƙuda yana yawo a ƙaurinsa. Mutum mai shekara hamsin da huɗu, mai gyaran rediyo da duk kasuwar Bagudo ta sani, yau shi ne ya miƙa wa ƙwaro ƙafa. Ya kifa 'yar kwalbar a hankali, ƙudan ya tashi ya shige, shi kuma ya toshe bakin.

"Guda," in ji Na'Allah daga kan tabarma, yana haki. "Saura ɗari biyu da tara."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato. Damina tara ke nan Na'Allah yana wannan aiki, damina tara kuma Ademola yana yi masa tsiya, wai kowa na korar ƙuda shi yana tarawa. Amma a ƙasan tsiyar akwai tambaya, don Ademola ba ya iya ganin abu a rufe bai kwance ya leƙa ba.

Ƙudan nan shi ke ɗauko tsutsar da ke makantar da mutanen bakin rafi, ita ce ta cinye idon mahaifin Na'Allah. An yi shekaru ana raba ƙwayar magani gida-gida. Yanzu gwamnatin Nijeriya da ta Benin sun haɗa kai su gano ko cutar ta ƙare: a kama ƙuda nan, a kama can, a aika wani ɗakin bincike a wata ƙasa ta daban. Sai sun cika dubu shida ake dubawa, in ba su cika ba sai wata daminar. Na'Allah kuwa ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, ya kasa zaman dutse. Ba shi da wata damina, kuma ya sani. Abin da yake so kawai shi ne ya ji amsa kafin ya tafi.

"To wai me ya haɗa mu da Benin?" in ji Ademola yana sosa gwiwa.

"Ruwan ga daga ina sunka gangaro? In mun sha magani su ba su sha ba, iska guda ta isa ta maido muna shi. Ƙuda bai tsayawa a duba mishi takarda."

"Su ma akwai mahaukaci irinka a can?"

Na'Allah ya yi dariya har ta koma tari. "Akwai Sabi."

Bai taɓa ganin Sabi ba. Malama Safina, jami'ar lafiya, ita ke zuwa bakin iyaka duk wata ta yi musayar takardu da takwararta ta wajen Segbana a ƙasar Benin, a nan sunan ya fito. Tun daga nan in ta dawo, kafin ta cire takalmi Na'Allah zai tambaya, "Sabi nawa ya kama?" In ya fi shi, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Kwana shida Ademola ya rufe shago. Ya jawo wani tela da mai faci, Safina ta ba su magani ta nuna musu yadda ake yi. Ƙudajen suka cika ana gobe ruwa zai ɗauke. Aka zuba su cikin kwalaben sifirit, aka liƙa suna, mota ta tafi da su.

Sai jira. Aka girbe gero, aka girbe dawa, aka shiga bazara. Na'Allah ya koma kwanciya a zaure, matarsa Asama'u tana tokare masa baya da filo uku don ya samu numfashi. Kullum da hantsi Ademola zai leƙo.

"An zo da amsa?"

"Ba a zo ba, Malam."

Sannan ya zauna ya shiga tambaya. Yaya ake ganin tsutsa a cikin kan ƙuda? Wa ke zama ya fasa dubu shida? Da Faransanci ake rubuta amsar ko da Turanci? Na'Allah ya amsa wanda ya sani, wanda bai sani ba ya ƙirƙira. Sau biyu Ademola ya yi niyyar ce masa an zo, lafiya lau. Ya dubi idonsa ya kasa, ya koma shago yana jin haushin kansa.

Wata Talata da azahar babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani dogon dattijo ya sauko, ramamme, yana tambaya da Hausar kasuwa mai gauraye da yaren Dendi ina gidan mai kama ƙuda. Ademola ya kai shi zaure.

Baƙon bai faɗi sunansa ba. Ya gaisa, ya durƙusa kusa da shimfiɗar, ya ɗaga ƙafar wandonsa. Ƙaurin duk tabo ne, baƙi-baƙi.

Na'Allah ya daɗe yana kallo. "Sabi," ya ce. "Ashe tsoho na kake."

"Takarda ta iso wurinmu jiya. Taku tana hanya, sai ta bi ofis-ofis. An ce mini ba ka da lafiya, na ce ba ni jira." Ya sunkuya daidai kunnensa. "An duba duka, naka da nawa. Babu tsutsa ko guda."

Asama'u, da ke tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa, ta fashe da kuka. Na'Allah ya rufe ido, leɓensa yana motsi. Can ya buɗe.

"Cikin dubu shidan, wa ya hi yawa?"

"Kai ne," in ji Sabi. "Da sha huɗu."

"A cire na Baban Bukola," in ji Na'Allah. "Ban son cuta."

Washegari da hantsi Na'Allah ya cika. Sabi bai koma ba, da shi aka yi wanka, da shi aka fito da makara. Da aka jeru a sahu Ademola, da yake ba Musulmi ba ne, ya ja gefe ƙarƙashin dalbejiya, inda ya saba tsayawa in an yi wa maƙwabta rasuwa, hawaye na zuba bai damu ya share ba. A gabansa aka tara takalma. Ya lura igiyar silifas ɗin baƙon ta tsinke a hanya. Ya tsuguna, ya zaro guntuwar waya daga aljihu, liman yana kabbara shi yana ɗaurewa.