Waken Cikin Kabad

Da ƙaramin almakashin yankan farce ta yi aikin. Ƙyas ɗaya, kan tsiron waken ya faɗo a tafin hannunta, fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Malamar aji huɗu ta naɗe shi a hankici, ta cusa a jaka, ta mayar da gwangwanin cikin kabad ta rufe. Yara ba su fara isowa ba, tsintsiyar mai shara kaɗai ake ji a baranda.

Laifin kwas ɗin malaman nan ne, in ji zuciyarta. An tara su kwana uku, aka ce yanzu ba a ɗura wa yaro ilimi, barin sa ake ya tambaya, ya gwada, ya gani da idonsa. To, ta bari. Gwangwanin madara biyu, ƙasa iri ɗaya, wake iri ɗaya, ruwa cokali uku kowace safiya. Ɗaya a bakin taga, ɗaya a duhun kabad. Amsar kuwa tun ranar farko ta rubuta ta a allo, don shekara ashirin da biyu ke nan tana rubuta ta: shuka ba ta girma sai da haske.

Sai dai wake bai iya karatun allo ba. Na kabad ya yi ta miƙewa, siriri, koɗaɗɗe, har ya ninka na taga. Ga shi yau mai duba makarantu za ta zo.

Ta zo kuwa, dattijuwa mai tabarau, ta matsu a bencin baya gwiwoyinta na dukan tebur. Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa da murmushin da yake ajiye wa baƙi.

“Wa zai auna mana?” in ji Malama, muryarta a dake.

Tambayar banza ce, kowa ya san mai awo. Wata 'yar firit ce da ajin ke kira Don Me, saboda ba a gama magana ba ta jefo kalmar. Kwana goma sha biyu tana auna waken nan da karyayyiyar rularta, tana rubutawa a bayan littafin lissafi.

Ta auna na taga. “Santimita goma sha ɗaya.”

Ta buɗe kabad, ta ɗora rula, ta yi tsai. Ta sake ɗorawa.

“Malama, jiya ashirin da biyu ne. Yau tara. Ganyensa ma babu.”

“Duhu ya cinye shi mana, 'yata,” in ji Hedimasta. “Ba ga shi a allo ba?”

“Amma da tsawo yake ta yi. Don me zai koma ƙasa?”

“Shuka ba ta komawa ƙasa. Ke dai kin yi ta kuskuren awo.”

“Rularta ce ke ƙarya!” wani ya ɗaga murya daga baya. “A bola ta tsinto ta!”

Ajin ya kwashe da dariya. Don Me ba ta dubi kowa ba sai Malama, wadda kullum take tsaye a kanta in tana awon. Malama ta ga ya kamata ta gyara alli a cikin kwali, ta shiga gyarawa.

Yarinyar ta koma wurinta. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Ta buɗe bayan littafin, ta lashi ɗan yatsa, ta fara murje lambobin daga ƙasa. Ashirin da biyu ta tafi. Ashirin ta bi ta. Takardar har ta soma hujewa.

Mai duba makarantu ta zare tabarau ta dubi karan waken, wanda bakinsa ya yanku sumul, ta mayar, ta ci gaba da rubutu. Ko za ta rufa asiri, ko ba za ta rufa ba, Malama ta ga ba wannan ne ke damun ta ba. Ɗan yatsan nan ne, da yake ta hawa sama layi bayan layi.

“Bar gogewar nan,” in ji Malama.

Zip ɗin jakar ya cije, kamar shi ma kunya yake ji. Ta ja da ƙarfi, ta warware hankicin a kan tebur. Kan waken ya riga ya yi laushi.

“Ni na yanke shi da safe. Zo ki haɗa, ki auna.”

Murmushin Hedimasta ya rasa inda zai sauka. Ana jin ajin maƙwabta suna rera jadawalin lissafi na bakwai.

Don Me ta zo, ta miƙar da guntun a jikin rula da yatsu biyu, a hankali, leɓɓanta na motsi.

“Goma sha biyar. Da tara, ashirin da huɗu.” Ta ɗago. “Ashe ma ƙaruwa ya yi. Malama, don me yake tsawo a duhu?”

Malama ta juya ta dubi jimlarta a allo, da kyakkyawan rubutunta da ake yabo a duk makarantar. Ta ɗauki tsumman goge allo.

“Ban sani ba,” ta ce. “Akwai sauran wake a aljihun tebur. Wa zai kawo gwangwani gobe?”