Haƙoran Bindigar Sahabi

A zamanin Sarkin Katsina Ibrahim, akwai wani maƙeri a Wagini da ake kira Jinjiri. Ban da fartanya da lauje, shi kaɗai ne a yankin yake taɓa bindiga, saboda ya gaji wasu ƙarafa uku daga ubansa, wanda ya samo su a hannun fataken Agadas. Kowanne kamar yatsa yake, da haƙora a murɗe kewaye da shi. Idan aka murɗa shi cikin rami, sai ya yanka haƙora irin nasa a ciki.

Wata damina, dawa ta fara fitar da kai, aladun daji suka addabi gonakin Karare. Sahabi maharbi ya zo maƙera da bindigarsa a kafaɗa. Bayan sun gama gaisuwa, ya ce, "Baba, matoshin gindinta ne ya saki. Harbi biyu na yi, hayaƙi na fita ta baya."

Jinjiri ya kwance matoshin, ya leƙa cikin bututun. Tsatsa ta cinye haƙoran ciki, amma na matoshin lafiya lau suke. Ya ɗauko ƙarafan nan, ya riƙa jera kowanne da matoshin yana ɗaga su wajen haske. Na farko haƙoransa sun yi girma. Na biyu sun yi ƙanana. Na uku ya hau daidai a haƙori huɗu, daga na biyar ya fara zamewa.

"Ai wannan ya yi," in ji Sahabi. "Murɗa shi kawai, sauran guduma ta ƙarasa."

"Fuskarka ce ke bayan matoshin nan," Jinjiri ya ce. "Ranar da albarushi ya tura shi, idonka zai nufa. Ba zan sa shi ba."

"To, dawar mutane fa?"

"Zauna ka kama zugazugi. Sabon ƙarfen yanka haƙora zan ƙera."

Ya zaɓi guntun tsohon takobi, ya buga shi ya zama kamar yatsa. Ya jiƙa zaren auduga da baƙin tukunya, ya naɗe shi a kan ƙarfen, yana gwada tazarar da ta matoshin. Da ya warware zaren, baƙin layi ya rage, shi kuwa ya bi shi da ƙaramin magagari. Kwana biyu yana goga. Ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya sa a bututu. Murɗi na uku sai ƙas, ya karye, rabi ya maƙale a ciki.

Sahabi ya dafe kai. "Shi ke nan, Baba, ka kashe mini ita."

Jinjiri ya san kuskurensa: ruwan ya sa ƙarfen ya yi tauri fiye da kima. Wuni guda ya yi yana ƙwanƙwasar guntun da tsinken ƙarfe har ya fito. Washegari ya sake daga farko, yatsunsa duk sun yi bororo. Wannan karon, bayan ya tsoma a ruwa, ya mayar da shi bakin wuta, yana kallo har ya yi launin karan dawa, sannan ya cire. Ya shafa man shanu, ya murɗa rabi, ya koma baya, ya busa ɓurɓushin, ya sake murɗawa. Haka har la'asar.

Matoshin ya shiga da hannu, ya tsaya cak a ƙarshe. Duk da haka Jinjiri bai miƙa bindigar ba. Ya ɗura mata albarushi ninki biyu, ya ɗaure ta a jikin kirya, ya sa igiya a kunamarta, suka laɓe bayan suri ya ja. Ƙarar ta tashi tsuntsayen fadama. Ya je ya shafa gindin bututun da farin ƙyalle, ko ɗigon baƙi babu.

Sahabi ya durƙusa ya yi godiya, ya kama hanyar Karare tun kafin rana ta faɗi. Kafin kaka, wasu maharba uku suka zo daga Tsaskiya da nasu bindigogin. Jinjiri ya gyara ɗaya. Sauran biyun ya ce bututunsu ya siranta, ba zai taɓa ba, suka tafi suna gunaguni.