Wanda Ke Zaune a Bayan Ustad

Ranar da Mehrunnisa ta fita takaba, ƙanin mijinta Nanhe ya zo da labari. Tun daga ƙofa yake magana, bakinsa ja wur da ganyen pan da yake taunawa kamar goro.

"Bhabi, matar Yaya, ɗauko mayafinki. An samo Ustad."

"Kabarin nasa ne ya tsage?"

"Kai, wannan baki naki bai yi takaba ba! A gidan marigayi Hakim Sahab ne. Jikarsa ta buɗe wani akwatin ƙarfe, ta tarar da tsofaffin tef na zaman waƙar da ake yi a zaurensu. An gyara su. Yaya yana ciki."

Duk birnin Rampur na Indiya babu wanda ta tsana kamar babban mawaƙin nan Ustad Zamir Baksh, ko da yake ba ta taɓa jin muryarsa ba, don matan gidansu ba sa zuwa irin wannan zama. Tun mijinta Sabir yana saurayi Ustad ya ɗaura masa zaren almajirci a wuyan hannu, daga nan ya zama nasa. Sabir ke dafa masa ruwan wanka, shi ke matsa masa ƙafa, shi ke riƙe masa kwanon tofar da yawu. In an zauna waƙa, ya zauna a bayansa yana kaɗa tanpura, wani dogon molo mai igiya huɗu. Ranar da ta haifi ɗansu na fari yana cikin jirgin ƙasa, rungume da kayan Ustad. A gida kuwa ko a banɗaki ba ta taɓa jin ya rera komai ba. Bayan Ustad ya rasu sai ya koma gyaran kayan kiɗa a wata rumfa, har ya bar duniya. Maƙwabta baran Ustad suke ce masa, ita ma a ranta haka ta ɗauke shi.

"Zan je," ta ce. "In ji abin da aka bar ni dominsa."

Shaista, jikar Hakim, ta karɓe su da shayi, ta ce sai sun ɗan jira, waƙar ta la'asar sakaliya ce, ba a sa ta rana na tsaka.

"Yana ƙasa ma sai an jira shi," Mehrunnisa ta ce.

Nanhe ya kama kunnensa, kamar yadda suke yi in an ambaci malami. "Allah ya yafe miki, tsohuwa."

Da inuwa ta cika tsakar gida, Shaista ta kunna na'urar. Aka fara jin shuuu na tsufan tef, da motsin mutane suna gyara zama. Sai tanpura ta shigo, igiya huɗu suna bin juna, ba sauri ba tsayawa.

"Hannun Yaya ke nan," Nanhe ya raɗa.

Sannan murya. Ta faro daga ƙasa can, har Mehrunnisa ta ji ta a tafin ƙafa kafin kunne, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Babu wata kalma. Tsohon ya kama amo ɗaya ya zauna a kai, ya juya shi, ya shafa shi, bai da niyyar zuwa ko'ina. Ta so ta yi tsaki, tsakin ya ƙi fita. Akwai wani wuri a sama da muryar ke nufa. Ita da ba ta san komai a waƙa ba, ta san yana nan. Sai ya matso har ya kusa taɓa shi, ya fasa, ya sauko. Ya sake hawa ta wata hanya, ya sake fasawa. Ta tarar ta daina numfashi, shayinta ya huce a hannu.

Gangar tabla ta shigo, tafiya ta yi nisa. Can muryar ta taso daga ƙasa gaba ɗaya, ta bi matakan nan da ta yi ta ƙi, ta isa wurin, ta tsaya cak. Ta daɗe a nan ba ta girgiza ba, tas da ita, faɗinta ya cika ɗakin. Mutanen cikin tef suka ɗauki "Wah! Wah!", mutanen da yawancinsu yanzu suna kabari.

"Subhanallah," ta ce, ba ta san ta faɗa ba. Hawaye na bin kuncinta, tana jin haushinsu.

Da tef ya ƙare, ta share fuska da bakin mayafi.

"To, na ji. Ba mutum ba ne wannan. Da ni namiji ce, ni ma da na riƙe masa kwanon." Ta juya ga Nanhe. "Amma yayanka fa? Duk shekarun nan, igiya huɗu kawai?"

Nanhe ya matso kusa da na'urar.

"Bhabi, wurin da kika ce Subhanallah. Shaista, 'yata, maido mana shi."

Aka maido. Muryar ta hau, ta isa, ta tsaya.

"Kasa kunne ƙasa da ita," ya ce.

Ta kasa. A ƙarƙashin wannan amon da bai yanke ba, wani tsoho yana tari a hankali. Aka ji ƙarar tofi a kwano. Sai wata murya a shaƙe, kusa da na'urar: "Allah ya raya ka, ɗana."

"Mutum ba ya tari yana waƙa," Nanhe ya ce. "A lokacin numfashin Ustad ya fara gazawa. Shi zai gina hanyar, in ya zo ƙarshe Yaya ya karɓa daga bakinsa. Ni ina zauren ran nan, ina kallonsu, amma ban iya cewa ga inda ɗaya ya saki ɗaya ya kama ba."

Ta dubi na'urar. Wannan muryar ta kwana a gefenta, ta tambaye ta ina tsinken sakace, ta yi mata ƙorafin gishiri a miyar dal.

"Me ya hana shi yi mini? Ko sau ɗaya?"

"Sai malami ya ce je ka, ka isa, sannan almajiri ke waƙa da kansa. Ustad kullum sai ya ce baɗi. Ajali ya riga baɗin."

"Shi kuma ya zauna jiran matacce."

"Ya zauna."

Mehrunnisa ta daɗe tana murza gefen tabarma da yatsa.

"Tsohon nan azzalumi ne," ta ce.

Nanhe bai musa ba.

Shaista ta tambaya a hankali ko ta sake sa mata wurin mijinta kaɗai.

"A'a. Sa daga farko. In ba a biyo ta hanyar tsohon ba, ba za a san inda yayan wannan ya kai ba."