Kokawar Baba Tibor

Sai da tsohon ya gama dariyarsa sannan ƙafafun Chuwang suka sake taɓa ƙasa.

"Baba, wanka na zo yi maka, ba kokawa ba," in ji Chuwang, yana gyara rigar aiki.

Baba Tibor ya haura tamanin, amma labarin bai kai wa damatsansa ba. A ƙasarsu, Hangari, ya yi zamaninsa cikin masu nauyi a kokawar Turawa, wadda ba a kama ƙafa, sai daga ƙugu zuwa sama. Lambobin da ya ci sun cika kwali. Yanzu shi da kwalin suna gidan kula da tsofaffi a garin Landover, inda ɗansa ya ajiye su.

Ranar da Chuwang ya fara aiki, tsohon na cafke shi jininsa na ɗan Filato ya motsa. Ya sunkuya ya sure masa ƙafa, yadda ake yi a dandalin ƙauyensu. Baba Tibor ya yi zaman 'yan bori a kan katifa. Ranar ko abinci bai karɓa daga hannunsa ba, wai an yi masa maguɗi.

*

"Ka faɗa wa manyanku mana," in ji Olive, matar Chuwang, tana shafa masa man zafi a baya.

"In na faɗa, maganin barci za su dinga ɗura masa. Ke, ban da ni, wa yake taɓa shi?"

"To, sarkin kokawa, juyo ɗaya gefen."

*

Ranar haihuwar tsohon, sai ga ɗan nasa ya zo. Tun safe Baba Tibor ya sa aka yi masa aski, ya rataya babbar lambarsa a kan rigar barci. Ɗan ya shigo da furanni, waya a kunne.

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Ya ɗan ranƙwafa, ya ware hannuwa, don shi haka ya iya tarbar mutum.

Ɗan ya ja da baya, ya dubi Chuwang.

"Har yanzu yana kai wa mutane farmaki? A ƙara masa magani."

Ya ajiye furannin a kan kwalin, ya fita ƙarasa wayarsa. Hannuwan tsohon suna nan a ware.

Tausayi ya kama Chuwang. Ya ajiye tawul, ya shiga tsakanin hannuwan, ya runtse ido yana jiran a yi sama da shi.

Ba a ɗaga shi ba. Sai dai ya ji kafaɗar rigarsa tana jiƙewa.