Saniyar Hamidu a Cikin Saƙo

Har yau in na tuna da Sirajuddeen sai raina ya ɓaci. Shi ne mai kula da shafin intanet na ƙungiyar da nake yi wa aikin duba dabbobi. Yana zaune a ofis a Kalgo ƙarƙashin fanka, ni kuwa ina bin rugage a bayan Gwandu da waya a hannu. Duk saniyar da na yi wa allura sai in buɗe shafin in shigar da sunanta, launinta da maganin da ta samu, wayar ta tura wa babbar kwamfutar ofis.

Matsalar ita ce sabis. A wajen Dodoru saƙon yakan yi nauyi, ya tsaya yana juyi har rana ta yi zafi. Na yi ƙorafi, Sirajuddeen ya ce zai matse bayanan su ƙanƙance. Na ɗauka irin matsin auduga a buhu ne, a danna ta shiga duka. Ashe gogan naku yankewa ya yi. Ya sa shafin ya riƙa zubar da suna da launi kafin turawa, wai surutu ne, lambar jeri da sunan magani sun isa. Bai gaya wa kowa ba, ni ma ganin saƙo na tafiya fit sai na yi ta sa masa albarka.

Sai Wule ta kwanta, saniyar da wani makiyayi, Hamidu, ya gada daga mahaifiyarsa. Kwanan baya na yi wa rabin garkensa allurar cutar sammore, lokacin yana asibiti. Ƙanensa Sambo ne ya riƙe mini shanun, shi kuma ya wuce kudu da kiwo inda waya ba ta shiga. In Wule ta samu allurar, maimaitawa na iya kashe ta. In ba ta samu ba, ita take buƙata.

Na buɗe shafin, ba komai sai lambobi da sunan magani a jere. Na kira Sirajuddeen, ya ce ai ni na nemi sauri. Wallahi da yana kusa da na mare shi.

Hamidu ya dube ni ya ce, "Hajiya Habiba, kafin Sambo ya tafi ya ce har sunan uwar kowace saniya kinka tambaya. To ina kinka kai shi?"

Na ƙi yin allurar, na ba ta abin da zai rage zazzaɓi, muka aika a nemo Sambo.

Sirajuddeen ya gyara abinsa a cikin makon, ya matse saƙon yadda ya kamata ba tare da ya yar da ko harafi ba. Ashe tun farko ya iya, ganda ce kawai. Ya kira yana murna wai in gwada. Na gwada a tsaye a rugar Hamidu. Na rubuta Wule, ja mai farin goshi, ta mutu da safe ba a yi mata allura ba. Saƙon ya tafi nan take, duka.