Inda Damisar Ta Haihu

"Tsaya! Direba, tsaya nan!" in ji baƙon da ke kujerar baya, yana bubbuga kafaɗarsa da murfin kamara. Wani tsuntsu ya hango a kan reshe.

Kurma ko waiwayowa bai yi ba. "Nan ba wurin tsayawa ba ne, yallaɓai," ya ce, ya ci gaba da tuƙi yadda yake yi, bai ƙara wuta ba, bai rage ba. Taku ɗari daga gefen hanyar, a cikin kwazazzabo, ƙarƙashin wata tsamiya da ta faɗi, damisa na kwance da 'ya'yanta biyu. Kwanansu ashirin a duniya, kuma duk faɗin gandun dajin nan shi kaɗai ya san da su.

Oba-oba, rediyon da direbobi ke magana da juna, ta yi ƙara. "Kurma, Kurma, kana jina? Akwai labari?"

Ya miƙa hannu ya rage mata murya. Dalilin sunan ke nan, don kunnensa garau yake. Al'adar direbobin masu yawon buɗe ido ce, duk wanda ya ga babbar dabba ya sanar, sauran su rugo da baƙinsu. Bara shi da bakinsa ya sanar da haihuwar wannan damisar, har yana alfahari. Kafin ya ajiye oba-oba motoci goma sha uku sun sauka daga hanya sun kewaye ta. Ta ɗauki ɗa guda a baki ta gudu, ba ta dawo ɗaukar na biyun ba. Bayan kwana biyu Kurma ya tsinci abin da kuraye suka rage. Abin ya tsaya masa a rai, kuma tun ranar ya kurumce.

Sai da ya kai su can gabas, gindin wani dogon dutse, sannan ya kashe mota. Ya ɗauko madubin hangen nesa ya ƙura wa dutsen ido na kusan rubu'in awa, kamar yadda yake yi kullum a 'yan makonnin nan. Baƙin suka yi ta miƙa wuya, ba su ga komai ba sai gwaggon birai suna sosa juna.

Da suka koma masauki da hantsi, ko ruwa bai sha ba aka ce manaja na kira.

Manajan ƙanin matarsa ne. Kurma ya goya shi a bayan keke zuwa makaranta, yau ga shi a kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa takardu. A bango, daidai saman kansa, an manna dokar gandun da manyan baƙaƙe: kada mota ta bar hanya, kada motoci su wuce biyar a kan dabba ɗaya. Takardar ta yi jawur don tsufa.

"Yaya, zauna mana."

"Tsayuwar ma ta isa, ranka ya daɗe."

"Baƙonka ya kawo ƙara. Kwanansa huɗu, damisa ya zo gani, kai kuma kana nuna masa birai. Direbobi sun ga sawunta, sun ce ta haihu. Kowa ya san in akwai wanda ya san wurin, kai ne."

"Na sani."

Manaja ya yi turus. Ya shirya wa musu, sai aka ba shi gaskiya tsirara. "To, alhamdu lillahi. Ina ne?"

"Ba zan faɗa ba."

"Haba Yaya! Mota ɗaya kawai, minti biyar."

"Bara ma mota ɗaya ce, tawa. Ka bar 'ya'yan su yi wata biyu, uwar za ta fito da su da kanta, kowa ya gani daga kan hanya. Waiwaya ka karanta abin da ke bayanka."

Manaja bai waiwaya ba. "Baƙo ba zai jira wata biyu ba. In ya koma ya rubuta cewa ba a ganin komai a nan, wa zai sake zuwa? Mutum arba'in ke ci a wurin nan."

"In ta bar dajin fa? Me za ka nuna musu baɗi, hotonta?"

Nan fa ya tuɓe rigar ƙanin mata, ya sa ta manaja. Ya ce shi ba zai ɗauki raini a ofis ba don ana auren yayarsa. Ko ya faɗi wurin, ko ya ajiye makullin mota.

Shekara goma sha tara makullin nan na aljihun Kurma, har ya huda masa aljihu biyu. Ya tuna 'yarsa da ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, ya tuna irin kallon da matarsa za ta yi masa. Duk da haka ya zaro shi ya ajiye a kan tebur, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Manaja ya yi murmushi, ya juyo da kwamfuta. "Ka manta akwai na'ura a motarka, Yaya. Duk inda ka bi tana rubutawa. Ga shi, mako uku, kullum sai ka tsaya rubu'in awa a gindin dogon dutse. Ka yi asarar aikinka a banza."

Kurma ya dubi allon, ya sunkuyar da kai, ya fita.

Da la'asar yana zaune a bencin mai gadi a bakin ƙofa, jakarsa a gefe, yana jiran motar da za ta rage masa hanya. Oba-obar mai gadi sai ɓaɓatu take: kowa ya nufi dogon dutse. Suka ƙirga motoci goma sha ɗaya suna tsere, har da tasa, wani sabon direba na gurza mata giya.

Mai gadi ya gyara hula. "Malam, ashe duk da haka sun gano ta. Wallahi na ji maka."

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji Kurma. "Kullum a can nake tsayawa."

"To damisar na can?"

"Birai dai na can. Su kuwa suna son jama'a."

Mai gadi ya buɗe baki, ya dube shi, sai ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "To ita tana ina?"

Kurma ya kai hannu bayan kunne. "Me ka ce?"

Wayarsa ta hau ruri a aljihun da babu makulli. Matarsa ce, labari ya riga shi isa gida. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙe tsaye, ya juya wa yamma baya, inda kwazazzabon yake, don kada idonsa ya ci amanarsa. Wannan kiran kam dole ya ji shi.